Modem ɗin da na rantse ya lalace

Akwai wani mai shago a titin Beirut, nan Kano, da na ci wa mutunci a gaban yaransa a shekarar 2002, kan laifin da bai yi ba. Ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Abin da ya haɗa mu ɗan kati ne kore, bai fi tafin hannu ba, mai ramuka biyu na wayar tarho a gindinsa. Modem ke nan, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar da intanet a aljihu ba za su gane yadda ɗan wannan abu zai hana mutum barci mako uku ba, amma ni ya hana ni.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Masu aiko masa da kaya daga Dubai suka dame shi da ya daina wahalar da kansa da faks, ya buɗe imel kamar kowa. Yana da layin NITEL a gida, mai lambar 064 a gaba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, don layukan tarho na gida a duk Najeriya ba su kai miliyan ɗaya ba. GSM kuwa ko shekara bai cika da zuwa ba, tun da a watan Agustan 2001 aka fara, kuma layinsa ya fi ƙarfin talaka. Yana kuma da wata kwamfuta tokumbo a falon waje, Pentium 133 mai Windows 98, wadda yake rufewa da mayafi kamar amarya. Aikinta biyu: lissafin dila, da karatun Alƙur'ani da yake kunnawa bayan asuba.

Ni kuma na gama kwas ɗin wata shida na koyon kwamfuta. Na iya Word, na iya Excel, na iya canza hoton fuskar allo. A danginmu wannan ya isa a kira mutum injiniya.

Ranar wata Litinin ya kira ni ya ce, "Kai ne ɗan boko. Je ka sayo abin nan da ake haɗa ta da waya. Ina so ranar Juma'a in aika wa mutanen nan saƙo da hannuna."

Na ce, "An gama, Kawu."

A shagon iri biyu na tarar. Akwai na waje, akwati guda mai jerin fitilu a goshi, da nasa wayar wuta. Akwai na ciki, wanda ake buɗe kwamfuta a soka. Na wajen ya ninka na cikin kuɗi wajen sau huɗu, alhali duka kwalayen biyu an rubuta 56K, wato gudunsu, da manyan baƙaƙe. Ni kuwa so nake in mayar wa Kawu da canji mai kauri, ya san ɗan 'yar'uwarsa ba a cutarsa a kasuwa. Mai shagon, wani mutum mai furfura kaɗan a gemu, ya tambaye ni wace irin kwamfuta ce. Na ce Windows 98. Ya ce, "A'a ɗan'uwa, ƙarfinta nake tambaya." Na ce mai ƙarfi ce. Ya dube ni, ya sa kwalin a leda. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a duk labarin nan ita ce wannan, kuma cikin daƙiƙa biyu na tsallake ta.

Soka katin bai ba ni wuya ba. Na kwance sukurori, na ga fararen ramuka gajeru uku da baƙaƙe dogaye uku a jikin madabod, babban faifan da komai ke maƙale a kai, katin ya shige farin daidai. Na kunna. Windows ta ce ta ga sabuwar na'ura, a ba ta direba. Direba a nan ba mai tuƙi ba ne, ɗan shirin da ke yi wa Windows tafinta ne tsakaninta da na'urar. Na sa faifan CD ɗin da ya zo a kwalin, sai ga jakunkuna sun fi talatin, sunayensu duk haruffa da lambobi, babu ko ɗaya da ya yi kama da sunan da ke jikin kwali.

Sai daga baya na fahimci dalili. Sunan da ke jikin kwali ba shi ne na wanda ya ƙera zuciyar modem ba. A lokacin kamfanoni 'yan kaɗan ne ke yin baƙar ƙwayar da masu gyara ke kira aisi: Rockwell, wanda sashensa na wannan harka ya koma Conexant a 1999, da Lucent, da PCTel, da Motorola, da ESS. Masu haɗawa a Taiwan da Sin su sayi ƙwayar da ta fi araha a watan, su liƙa a kati, su sa a kwali, su jefa faifai iri ɗaya a cikin kowane kwali. Kwali biyu masu hoto ɗaya kan iya ɗauke da ƙwaya daban-daban. Ni ban san haka ba, sai na bi jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tasa ba. Kowane direba na sa, sai ya bar ɓurɓushinsa. Zuwa daren Laraba Windows na nuna modem huɗu a jerinta, babu mai amsawa, ga alamar tambaya ruwan ɗorawa tana nan daram. Ranar Alhamis allon ya fara yin shuɗi. Juma'a ta zo ta wuce. Kawu bai ce komai ba, ya dai tambaye ni ko na ci abinci, wanda ya fi faɗa ciwo.

Asabar da safe na hau acaɓa na koma titin Beirut da zafina. An ɗauke wuta, don haka babu halin ya gwada a gabana. Ya juya katin a hannu, ya ce, "Kayan nan lafiyarsa ƙalau. Kawo kwamfutar in gani." Na ce ba zan ɗauko kwamfutar mutane in kawo masa ya ƙarasa ta ba. Na ce sun saba zuba gwanjon Turawa a sabon kwali suna sayar wa bayin Allah. Na rantse cewa lalatacce ya ba ni, kuma yana sane. Yaransa biyu suka miƙe, ya ɗaga musu hannu suka zauna. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya huci zuciyarka, ɗan samari." Na fito da katin a aljihu, ina jin na yi jarumta.

Yayana ne ya haɗa ni da wani abokinsa mai gyaran injin hoto da kwamfuta a wajen Kabuga, wanda kowa ke kira Injiniya, shi kuma na gaske. Bai ko kalli kwalin ba. Ya sa farce ya ɓare takardar da aka manna a kan ƙwayar, ya haska tocila, ya karanto min suna da lamba na rubuta a bayan hannu. Ya ce in je kafe, wato shagon sayar da lokacin intanet, in sauko da direban wannan lambar. Ka ji fa: kafin ka shiga intanet sai ka sami direba, direban kuma yana cikin intanet. Makulli na cikin ɗakin da aka kulle.

Na je wani kafe a titin Gidan Zoo, na sayi awa guda, na samo shi. Fayil ɗin ya fi ƙarfin fulofi ɗaya, don fulofi megabait 1.44 kawai yake ci, sai yaron kafen ya raba min shi gida uku da WinZip. Na iso gida, na farko ya karantu, na biyu ya yi ta ƙara kamar mai shaƙuwa ya ƙi. Na koma washegari da sababbi, na yi kwafi bibbiyu, na naɗe su a hankici saboda ƙura.

Injiniya ya zo da kansa ranar da za a sa. Kafin ya taɓa komai ya buɗe wata 'yar takardar bayani da ke cikin fayil ɗin, irin wadda ban taɓa damuwa da karantawa ba, ya yi dariya har da dafa tebur. Ya nuna min layin: ana buƙatar aƙalla Pentium 166 mai MMX, wani ƙarin ƙarfi na sarrafa sauti da hoto. Tamu 133 ce, kuma an yi ta kafin Intel ta fito da MMX a 1997.

Ya ce, "Ƙanena, wannan ba cikakken modem ba ne. Rabi ne."

Ga yadda ya warware min, kuma har yau ban ji wanda ya fi shi ba. Cikakken modem yana da ɓangaren da ke taɓa layin waya, da ƙwayar da ke mayar da bayanai su zama sauti ta kuma mayar da sauti ya zama bayanai, da wani ɗan shugaba da ke karɓar umarni yana gyara kurakurai. Don a karya farashi sai aka cire shugaban, a wasu ma har da ƙwayar sautin, aka ɗora wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, aikin ta hanyar direba. Ya ce kamar ka kira tela ne ya zo maka da allura da zare kawai, ya ce keken gidanka zai hau. In kana da keke mai kyau, ɗinki zai fito tsaf. In ba ka da shi, ba za ka ce tela bai iya ɗinki ba. Shi ya sa ake kiransu Winmodem: direban shi ne modem ɗin, kuma an rubuta shi don Windows takamaimai. Na Windows 98 ba ya yi a Windows 2000, a DOS babu labari, masu Linux kuwa sun sha fama da su shekara da shekaru.

Na ce, "To Oga, ba lalacewa ya yi ba ke nan?"

Ya ce, "Wa ya ce maka ya lalace?"

Ban ba shi labarin titin Beirut ba. Kawu ma na bar shi a kan cewa an sayar mana da lalatacce. Ban ƙirƙiri sabuwar ƙarya ba, tsohuwar ce dai na ƙi gyarawa. Na jefa katin cikin durowar teburin, ƙarƙashin tsofaffin rasitai.

Injiniya ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya kawo wani modem daga tarkacen shagonsa, dogo, mai nauyi, cike da ƙwayoyi, 33.6 ne ba 56 ba, na baƙin ramin nan da ake kira ISA. Cikakke ne, ba ya roƙon firosesa komai. Ya miƙo min ya ce tafiya ta kama shi zuwa Kaduna, in soka, in akwai matsala in duba jamfa. Jamfa ba ta sawa ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin hulunan roba ne da ake kifawa a kan allurai biyu a jikin katin, su ne ke gaya masa ta wace ƙofa zai shiga da kuma wace ƙararrawa zai kaɗa.

Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Na soka, Windows ta gan shi, na yi murna. Ina taɓa modem ɗin sai linzamin kwamfuta, wato maus, ya sandare. In sake kunna kwamfuta, linzami ya dawo, in nemi modem, linzami ya sake mutuwa. Wani lokaci ma abin ban dariya: modem ba zai amsa ba sai ina jujjuya linzamin a kan tebur, ina tsayawa shi ma ya tsaya.

Wannan ita ce rigimar IRQ, kuma duk wanda ya taɓa kwamfuta a wancan zamani yana da tabonta. Firosesa kamar maigida ne mai ƙararrawa goma sha shida, daga 0 zuwa 15. Duk na'urar da ke son magana da shi sai ta kaɗa tata. Yawancinsu da masu su tun asali: 0 ta agogo, 1 ta kibod, 6 ta fulofi, 7 ta firinta, 14 da 15 na had-disk, wato ma'ajiyar kwamfuta, da CD. Ƙofofin da ake kira COM huɗu ne, amma ƙararrawa biyu kacal aka ware musu. COM1 da COM3 suna raba lamba 4, COM2 da COM4 suna raba lamba 3. Linzamin Kawu irin na da ne mai faffaɗan kai, yana kan COM1. Modem ɗin kuma jamfarsa na kan COM3. Kishiyoyi biyu aka haɗa a ɗaki ɗaya. Katunan farin rami, wato PCI, sun iya zaman haƙuri da ƙararrawa ɗaya. Na ISA ba su san wannan ba: in biyu suka kama igiya ɗaya, maigida ba ya sanin wa ke kira.

Ban san duk wannan a daren farko ba. Zanen da ke bayan katin na bi, ina cire jamfa da hantsakin da na aro a cikin gida. Na mayar da shi lamba 5. Linzami ya warke, modem ya amsa, na kwanta da farin ciki. Da asuba sai ga aike. Na tarar da Kawu zaune gaban kwamfuta da carbi, ya ce, "Me ka yi wa karatuna?" Lamba 5 ta katin sauti ce. Na mayar da shi 7, firinta ta yi yaji. A cikin wannan jeka-ka-dawo jamfa ɗaya ta suɓuce ta faɗa kan kafet mai zane, na yi rarrafe rabin awa ban gan ta ba, sai a bayan wani mataccen injin CD na ciro wata.

Da Injiniya ya dawo, minti biyar abin ya ɗauke shi. Ya leƙa bayan kwamfutar ya nuna min wata ƙofa mai allurai da babu abin da ke jikinta. Ya ce wannan ita ce COM2, tana riƙe da lamba 3 a banza. Ya shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar, ya kashe ta, ya mayar da jamfar modem kan COM2 da lamba 3. Shi ke nan. Ɗakin da babu kowa aka buɗe wa amarya.

Sai ya buɗe wani shiri mai farin allo, HyperTerminal, ya ce in rubuta AT in danna. Na rubuta. Allon ya amsa: OK. Wallahi ban taɓa ganin haruffa biyu masu daɗin waɗannan ba. Wannan yaren na AT kamfanin Hayes ne ya fito da shi a Amurka tun 1981, kuma kusan duk modem na duniya da shi ake masa magana. ATZ ya koma yadda yake, ATDT da lamba ya buga waya, ATH ya ajiye.

Na rubuta ATDT da lambar kamfanin da muka sayi awoyi a wurinsu. Modem ya yi ƙas, ya yi shiru, ya ce babu sautin layi. Ta cikin Windows kuma lamba take ba ka: 680. Na haddace lambobin nan kamar karatun allo. 680 babu sautin layi, 676 layi na kan aiki, 678 can ba a ɗauka ba, 691 suna ko kalmar sirri ba daidai ba, 633 wani shirin ya riga ka kama modem. Lambar wayar matata sai na duba, amma waɗannan suna nan.

680 ɗin farko laifina ne. Ramuka biyu ne a gindin katin, ɗaya na layin da ya fito daga bango, ɗaya na kan tarho, ni kuma na juya su. Muka gyara, 680 ta sake fitowa. Muka ɗaga kan tarho, ga sautin layi rangaɗau. Mu muna ji, modem ba ya ji. Injiniya ya ce ba kurma ba ne, baƙo ne. An yi shi don Amurka, inda sautin layi murya biyu ce a haɗe, 350 da 440. A yawancin Turai murya ɗaya ce, 425. Kowace ƙasa da irin kukan layinta, shi kuma wannan na garinsu kaɗai ya sani, in bai ji shi ba sai ya ce babu layi. Maganin harafi ɗaya ne da lamba ɗaya: X3, ma'ana kada ka saurari komai, buga kawai. Muka rubuta a gurbin ƙarin umarni, muka cire alamar da ke cewa ya jira sautin layi.

Ya buga. Muna jin 'yan ƙararrakin lambobin ta lasifikarsa, tit-tit-tit, ya gama, amma sautin layi na nan yana ta kuka kamar ba a buga komai ba. A nan Injiniya ya kifa kan tarhon Kawu, ya nuna min wani ɗan makunni a ƙasansa mai P a gefe ɗaya, T a ɗaya gefen. Yana kan P. Layin gidan irin bugun da yake ganewa shi ne na tsohuwar waya mai juyawa, wadda ke katse layi sau adadin lambar, ba na sauti ba. Muka canza T ta koma P, ATDP. Modem ya shiga ƙas-ƙas-ƙas, a hankali, kamar mai ƙirga kuɗin cefane. Sai ringin. Sai aka ɗauka.

Wanda bai taɓa jin gaisuwar modem biyu ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Fito ne siriri, sai wani ƙugi kamar an taka wutsiyar kyanwa, sai dang-dang, sai shuuu irin ta rediyon da ya ɓace tasha. Suna gwada layin ne, kowa na faɗin iya gudunsa har su daidaita. Hajiya, matar Kawu, ta leƙo daga cikin gida tana salati, ta ɗauka wani abu ne ya kama da wuta. Sannan aka ba mu 691, don na bar makunnin manyan baƙaƙe a kunne ina rubuta kalmar sirri. Wannan ko Injiniya bai yi min dariya ba, ya gaji.

Da muka shiga, 'yan kwamfutoci biyu suka bayyana a kusurwar allo suna ƙyafta ido, aka rubuta 115,200. Na daka tsalle. Na ce tsohon modem ya ninka 56K. Injiniya ya ce in zauna. Wannan gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne, a cikin akwati, ba na kan layi ba. Da ya sa direban da ya dace, gaskiya ta fito: 24,000.

Ita kanta 56K ɗin da ake bugawa a kwali akwai magana a kanta. A 1997 iri biyu ne ke gasa, x2 na US Robotics da K56flex na Rockwell da Lucent, kuma ba sa jin yaren juna. In naka x2 ne, na kamfanin da kake kira K56flex, sai ku koma 33.6. Sai a 1998 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta haɗa su a kan V.90. Ko da hakan, sai in ɓangaren kamfanin na dijital ne, kuma sau ɗaya tak aka juya sautin a hanya, sannan layinka tsaf yake. A Amurka ma doka ta tsayar da shi a wajen 53. Mu kuwa wayar da ta taso daga falwaya ta bi ta cikin darbejiya, an ƙulla ta wuri uku an naɗe da leda, sannan wani ya ja reshe zuwa ɗakin Hajiya. Injiniya ya sa na sayo sabuwar waya muka ja ta guda, babu ƙulli. Muka hau 31,200. Reshen Hajiya kuwa ba mu isa mu cire ba, don haka duk sanda ta ɗaga waya za ta kira 'yar'uwarta a Zariya, intanet ya faɗi, ita kuma ta ji ƙugi a kunne ta ce aljanun Alhaji sun hau layi.

Kwana goma sha tara bayan waccan Litinin Kawu ya aika imel ɗinsa na farko. Da yatsa ɗaya ya rubuta. Layi huɗu gaisuwa ce, layi ɗaya adadin dila. Ya danna, ya juyo ya ce, "Ya tafi?" Na ce ya tafi. Ya ce, "Har Dubai?" Ya ɗauki waya ya kira su don ya tabbatar, wanda kuɗinsa ya fi na faks ɗin da muke gudu.

Tsohon modem ya yi mana aiki har damina. Da yamma ba a samun shiga, 676 ce kawai, sai bayan sha ɗaya na dare. Wani dare a watan Agusta hadari ya taso, na cire wayar wuta daga bango kamar yadda aka koya min, na manta da ta tarho. Aka yi wata tsawa. Da safe kwamfuta ta tashi lafiya, amma kwana biyu duk wanda ya kira gidan sai ya ji layi na kan aiki. Modem ne ya ƙone ya riƙe layin ya ƙi saki, ko kwamfutar na kashe. Ana zare wayar daga gindinsa tarho ya dawo. A duk modem ɗin da suka ratsa hannuna, wannan kaɗai ne ya lalace da gaske.

Kawu ya ce abin duk ya tsufa, a sayo sabuwa. Aka haɗo masa Pentium 4 mai Windows XP. Na leƙa cikinta, babu baƙin rami ko ɗaya, zamanin ISA ya wuce. Wannan karon na ce na waje za mu saya, na yi hankali. Aka samo tokumbo mai kyau daga Amurka. Gindinsa allurai 25, na kwamfutar 9, na nemo wayar da ta haɗa su. Sannan na ɗauki adaftarsa na soka a bango ban karanta jikinta ba. Ta wutar Amurka ce, 120, tamu kuwa 220 da ɗoriya. Ta yi fat, falon ya cika da warin ƙonannen roba. Na zaga Sabon Gari neman madadinta, duk na kasuwa DC suke fitarwa, shi kuma AC yake so. Wani mai gyaran rediyo ya ce zai sake naɗa ta, in dawo bayan kwana huɗu.

A daren na biyu Kawu ya shigo da takarda a hannu. Kaya sun taso, ana jiran amsarsa kafin safe. Ya ce ko akwai dabara. Na daɗe ina kallon durowar nan kafin na jawo ta. Katin na nan ƙarƙashin rasitai, ya yi ƙura. Na hure shi, na soka a farin rami, na kunna. XP ba ta tambaye ni faifai ba. Wani ɗan saƙo ya fito a kusurwa cewa ta ga modem, wani ya biyo baya cewa ya shirya. Na cire alamar jiran sautin layi, na zaɓi bugun P. Ƙas-ƙas-ƙas, fito, ƙugi, shuuu. 31,200.

Kawu na tsaye a bayana. Ya bari sai da saƙon ya tafi.

"Wannan ba shi ne lalataccen ba?"

Na ce shi ne.

"Yaushe ka san lafiyarsa ƙalau?"

Na faɗa masa gaskiya. Na haɗa har da abin da na faɗa wa mai shagon, don na san in ban faɗa ba zai tambaya. Ya yi shiru yana jan carbi. Da safe ya aiko yaro da turmin atamfa guda, mai ruwan ganye da zanen zinariya, daga masu tsadar shagonsa. Ya ce in kai wa mutumin ya ba iyalinsa, in kuma ba shi haƙuri a gaban yaran da na zage shi a gabansu.

Na ce to. Na yi ta ɗagawa, yau kunya, gobe uzuri, har azumi ya shigo, aka yi salla. Da na je, shagon ya koma na wayar hannu. Nokia 3310 jere a gilas, katin waya rataye a igiya, wasu samari da ban sani ba a bayan kanta. Na kwatanta shi da furfurar gemunsa. Ɗaya ya ce ya koma Abuja, ɗaya ya ce a'a, garinsu ya tafi, maƙwabcinsu ya ce masu furfura a layin nan ai da yawa.

Na mayar wa Kawu turmin, ya ƙi karɓa. Ya ce ya riga ya fita daga dukiyarsa, na mai shi ne, in ci gaba da nema. Yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyata, a ledarsa, ba a yanka ba. Bara da na je titin Beirut gyaran fuskar waya na sake tambayar wani dattijo mai sayar da caja. Ya ce a 2002 shi yana Legas.